Ranar da Na Ce Kayana Ne

Mutum goma sha ɗaya ne a bayan motar nan: bakwai daga Doma da ƙauyukanta, uku daga wajen Agyaragu, ɗaya ɗan cikin garin Lafiya. A ɗaya gefen kuma akwai sunan da na yi fiye da shekara talatin ina ginawa a kasuwar doya, da rumfata ta bakin layi, da manoman da ba sa sayar wa kowa sai ni, da fuskar da ku 'ya'yana kuke shiga mutane da ita. Abin da aka ajiye a gabana ke nan a bakin titin Azuba a shekarar korona, aka ce in zaɓa, rana tana dukan kowa.

Duk kun ga bidiyon. Uwarku ce a tsaye da gwangwanin fenti, maza manya sun yi layi suna miƙo hannu, tana ɗiga musu shuɗi kamar doya, ana ta dariya a bayan mai ɗauka. Kai Nura, har yau in an ambaci shekarar sai ka tashi ka bar wurin, kuma ba ka taɓa zama ka tambaye ni yadda aka yi ba. Ba gafara nake nema ba. So nake in kun ba 'ya'yanku labarin ku ba su shi da kansa da ƙafarsa, ba guntun da wani ɗan kallo ya yanka a wayarsa ba.

Sai na fara da alamar, don ba dukanku kuka bi ni kasuwa ba. Mota ɗaya takan ɗauki doyar mutum biyar ko shida zuwa Legas, saboda haka kowane mai kaya yana da alamarsa ta fenti: wani ja, wani fari, wani layi, wani zagaye. Tawa ɗigo biyu ne na shuɗi a kan doya, tun zamanin da ƙwarya ɗaya kacal nake iya saye, wato doya ɗari, in roƙa a cusa mini ita a lungun motar wani. Daga nan aka sa mini Mai Shuɗi, har sunana na yanka ya ɓace a kasuwa. Ƙa'idar kuwa kowa ya san ta. Duk abin da ke ɗauke da alamarka kai ke amsa shi, ya ruɓe ko ya yi riba, kuma ba a sakar wa mutum kaya sai ya tsaya ya ce kayana ne, an duba an ga alamarsa.

Iliya shi ne idona a Legas. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Agyaragu, Kirista, dogo, mai barkwancin tsiya. Da dako ya fara tun yana saurayi, har ya zama shi ke tsayawa in mota ta isa, ya ware shuɗi daga ja, ya sayar, ya turo mini abin da aka samu. Shekara ashirin ban taɓa bin bayansa da bincike ba. Hausarsa irin tamu ce ta nan, ba ruwanta da mace ko namiji; ni kaina “Hajiya ya ce” yake cewa. Duk abin da ya samu gida yake turowa. Shi ya karantar da ƙanensa Bulus har ya zama malamin makaranta, shi ya sayi rabin kwanon rufin cocinsu, kuma ba a yin Kirsimeti a gidansu sai da buhun shinkafarsa. A ƙarshe ya gina nasa gidan, matarsa da 'ya'yansa suka shiga. Ɗakinsa ne aka gama daga baya, shi kuwa bai samu zuwa ba don lokacin ciniki ne. A waya kawai ya san ɗakin. Yakan ce mini, “Hajiya, ranar da zan kwana a ɗakin nan, kar kowa ya kira ni, ko mota ya faɗi.”

Sai cutar ta zo, aka sa dokar kulle. Aka hana mutane tsallaka jiha, aka bar motocin abinci su wuce. A Legas kasuwa ta mutu, masu dakon da ke kwana a ƙarƙashin rumfuna aka kore su. An ce kowa ya zauna a gida. Mutumin da gidansa ke Doma, cikinsa kuma ke jiran abin da ya ɗauka a ka yau, a wane gidan zai zauna? A wannan karon ni kaɗai na yi hayar motar Sabo direba, na tura ragowar tsohuwar doyata, zai dawo wayam. Ban san ya ɗauko mutane ba, kuma ko sisin kuɗin motarsu bai shiga hannuna ba. Ku riƙe wannan, don an ce safarar mutane nake yi. Amma da a ce Iliya ya kira ni ya tambaya, cewa zan yi ya hau. A ƙarƙashin tampol da buhunan wofi suka ratso ƙasar nan, wasu da azumi a bakinsu don watan azumi ne. Duk shingen da aka tsayar da su aka ce me ka ɗauko, Sabo ya ce kaya ne, ya miƙa abin da ake miƙawa. Suna kwance suna ji.

Da hantsi ina gida wayar Sabo ta shigo.

“Hajiya, an tare mu a shingen da ke gaban Azuba. Wani ya yi tari a cikin tampol.”

“Wa ya yi tari? Doya ce ke tari, Sabo?”

“Ki dai zo, Hajiya. Iliyanki yana ciki.”

Na same su a zaune a gefen kwalta, kowa da jakarsa a gaba. Wani mutum ya goya famfon feshi irin na kashe ciyawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fesa musu wani ruwa mai wari daga kai har ƙafa, da su da jakunkunansu. Idanunsu sun yi ja. Wani dattijo ɗan Doma ƙafafunsa sun kumbura, ko miƙewa ba ya iyawa. Jama'a sun taru daga nesa, kowa da waya a sama, wata mata tana ihu wai 'yan Legas sun kawo mana mutuwa. Ba wanda ya auna zafin jikin kowa, wai batirin abin awon ya mutu. Marasa azumin cikinsu ba wanda ya miƙa musu ko ledar ruwa. Iliya ya ce mini tun da aka sauke su yake kiran Bulus ya zo ya tsaya masa, Bulus ya ce bari ya ga dattawa, daga nan ya daina ɗauka.

Shugaban shingen wani saurayi ne da bai fi ka ba, Nura, da riga mai ƙyalli da takunkumi a ƙarƙashin haɓa. Oga suke ce masa.

“Ke ce mai motar?”

“Ni na yi hayarta.”

“Me ta ɗauko?”

“Mutane ne, ɗana, ga su kana gani. 'Yan jihar nan ne, aiki ya ƙare musu, gida suka dawo.”

“Madam, in mutane ne doka ta hana shigo da mutane. Su hau, mota ta juya inda ta fito.”

“Ta juya ina? Duk inda suka je korarsu za a yi gaba. Ina wurin da aka ce za a riƙa killace masu dawowa? Ku kai su can, ni zan biya man mota.”

“Wannan ba aikina ba ne.”

Na kai hannu jaka, ya ɗaga mini hannu ya nuna wayoyin da ke kallonmu. Sabo ya raɗa mini cewa man da ya rage ba zai kai su ko'ina ba, dattijon nan kuma in ya sake shiga ƙarƙashin tampol ba lallai ya fito da rai ba. Ogan ya dube ni, ya dubi jama'a, sai ya yi murmushi.

“Amma direbanki ya ce kaya ne. In kaya ne, ai mai kaya yana iya kwashe kayansa. Ki faɗa mana gaskiya, mutane ne ko kaya?”

Na yi shekaru ina ciniki, na san lokacin da mutum ya faɗi farashinsa na ƙarshe. Shi ma neman hanyar rabuwa da su yake, amma sai ya sha dariya tukuna. Na ce kayana ne. Ya ce bai ji ba. Na ɗaga murya yadda na ƙarshen taron zai ji, na ce kayana ne. Da a nan aka tsaya da ba ku ga bidiyo ba. Sai wani cikin masu riƙe sanda a shingen, ɗan garin nan wanda na san uwarsa a layin manja, ya ce:

“Oga, ai a kasuwar doya ba a sakin kaya sai da alama. Wannan fa Mai Shuɗi ce!”

Wuri ya ɗauki shewa. Ogan ba ɗan nan ba ne, sai da aka yi masa bayani, da ya gane kuwa har da tafi. Ya ce to a bi ƙa'idar kasuwa. Gwangwanin fentina kullum yana gaban motar Sabo da tsinkensa mai tsumma a kai, wani ya ɗauko ya dire a gabana. Na ce ba zan yi ba. Na ce a cikinsu akwai wanda ya haife shi. Ya ce to su hau mota. Muna cikin haka Iliya ya miƙe, ya naɗe hannun rigarsa da ta jiƙe da ruwan feshi, ya tako har gabana.

“Hajiya, sa mana. Rana yana cin mu. Ni na fi kowa sanin alaman nan, shekara ashirin ina neman shi a cikin mota.” Ya juya ga sauran. “Ku tashi ku yi layi, manya gaba, 'yan ƙanana baya, kar a karya farashi.” Ya sake dubana. “Biyu fa, Hajiya. Kar ki rage ɗaya a ce na wani ne.”

Yana faɗa yana dariya. Na tsoma tsinken na ɗiga masa biyu. Na bi sauran. Dattijon da ba ya iya tashi, ni na durƙusa na sa masa. Abin da kuka gani ke nan.

Sitona na Azuba babu kaya a lokacin, tsohuwar doya ta ƙare, sabuwa ba ta fito ba. Can na kai su, na sa aka share, aka shimfiɗa tabarmi nesa da juna yadda ake ta faɗa a rediyo. Fentin da kananzir suka goge shi tun kafin a sha ruwa. Ina shiga gida na tarar bidiyon ya riga ni. Kai Nura, an rufe muku jami'a kana gida, ka tare ni a tsakar gida da waya a hannu.

“Mama, kin ga abin da ake turawa? Abokaina tambayata suke wai ni ma ina da ɗigo biyu? Wallahi kin zubar mana da mutunci.”

Babanku, Allah ya jiƙansa, yana zaune a kan buzunsa yana jiran kiran salla. Bai ɗago ba, ya ce:

“Mutanen sun ci abinci?”

Shi da 'yar'uwarku Jamila suka riƙa kai musu tuwo safe da yamma, su ajiye a bakin ƙofa. Mai ruwa ya ƙi kai musu ruwa, sai jarkoki muka riƙa aikawa daga gida. Yaran unguwa suna jifan kwanon siton. An ce masu lafiya za su zo su gwada su. Na yi ta zuwa ofis-ofis ina tambaya, kowa ya tura ni gaba, har wa'adin killacewar ya cika ba wanda ya leƙo. Ba wanda ya kwanta ciwo a cikinsu, ban da dattijon, shi ma tsohon ciwon ƙafarsa ne. Ni kuwa shugaban 'yan doya ya aiko a ce in ɗan huta da zuwa kasuwa. Aka ba wani aron rumfata, aron da har yau bai ƙare ba. Manoman da na yi shekaru ina ba su kuɗin taki tun kafin shuka suka koma sayar wa wasu, har da waɗanda 'yan'uwansu ke kwance a sitona. Wasu tsoron cuta suke, wasu kuma cewa suka yi ba za su yi hulɗa da matar da ta mai da mutane doya ba. Ka ji fa. Ranar da ake fesa musu maganin nan duk suna gida.

Da wa'adi ya cika, 'yan Doma suka riƙa zarewa ɗaya-ɗaya a kan babur ta hanyar gona. Wasu an karɓe su, wasu sai da suka yi zaman bukkar gona kafin a bar su su shiga gari. Iliya ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna jiran Bulus. Ina wurin Bulus ya zo. Bai shigo ba, daga can bakin hanya ya tsaya da hankici a hanci, kuma da Hausa ya yi magana, ba da yarensu ba, don in ji.

“Yaya, dattawa sun zauna. Sun ce ka ɗan dakata tukuna.”

“In dakata me? Kwanan da aka ce ya cika. Dube ni, ko mura ba ni da shi.”

“Ba cutar kaɗai ba ce. Bidiyon ya shiga gari. Yara suna ɗiga wa juna bulu a hannu suna cewa kayan Hajiya. A makaranta ma da shi ake tsokanata. Ka bari abin ya lafa.”

“Ɗakina fa kawai zan shiga, Bulus. In rufe ƙofa. Ba zan je coci ba, ba zan je kasuwa ba.”

“Sun ce in ka shigo, ba mai sake ɗiban ruwa tare da matarka.”

Ban iya yin shiru ba. Na ce, “Bulus, kwanon da ke kan cocin nan wa ya saya? Takardar da kake koyarwa da ita, da wuyan wa aka ɗauko ta?”

Ya ce, “Hajiya, ke kika sa masa alama, ba mu ba.”

Na ce, “Ƙwarai ni ce. Ya yi ta kiranka a bakin titi. Da ka zo ka ce yayana ne, da ban buɗe gwangwani ba.”

Iliya ya shiga ciki ya fito da wata leda. Abu ɗaya da ya sayo a Legas ke nan da sauran kuɗinsa: labule mai ruwan ganye, na tagar ɗakinsa. Ruwan feshin ya ratsa jaka ya ci launinsa, duk ya yi dabbare-dabbaren fari. Ya miƙa ya ce a kai wa matarsa ta rataya, ko banza ɗakin ya san yana hanya. Bulus ya ja da baya, ya ce a ajiye a ƙasa zai sa a ɗauka. Ya hau babur ya tafi. Labulen ya wuni a nan, da yamma na ɗauke shi.

Iliya ya ci gaba da zama a sitona har damina ta yi nisa. In ya fita sayen sabulu sai ya ji an ce ga kayan Hajiya nan. Da farko yakan juya ya ce, “Ƙwarya nawa kuke so?” Daga baya ya daina juyawa, barkwancin ma ya daina. Matarsa ta zo sau ɗaya a ɓoye, suka yi magana ta taga. Ana buɗe hanya ya ce zai bi motar farko. Na ce ya bari in je ƙauyen da kaina in ga dattawan, yanzu ai kowa ya saki jiki.

“Bar shi, Hajiya. A Legas in an ce mini baƙo, gaskiya ne aka faɗa. Abu ɗaya nake roƙo, ki gaya wa Sabo gaba zan zauna.”

A gaba ya zauna. Ya ci gaba da tsaya mini a kan kaya kamar da, yana ware shuɗi daga ja, bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da Kirsimeti ta zo dattawan suka aika masa wai komai ya wuce, ya zo, ga shi ma ana tara kuɗin gyaran coci. Ya aika kuɗin, bai zo ba. Daga baya ya kwashe matarsa da 'ya'yansa suka koma ɗaki ɗaya a Legas, Bulus ya shiga gidan wai yana gadinsa. Bara waccan hawan jini ya kayar da Iliya a tsakiyar kasuwa, yana tsaye a kan doyata. Sabo ne ya ɗauko akwatin gawarsa. Ya gaya mini a duk shingen da aka ce me ka ɗauko, cewa yake mutum ne, kuma ba wanda ya hana shi wucewa. Ƙauyen suka fito da ganguna da riguna masu hotonsa. Aka kwashe kayan Bulus daga ɗakin aka ajiye akwatin a ciki kafin gari ya waye a binne. Kwanansa ke nan a ɗakinsa.

To ga abin da ya fita, ga abin da ya shigo. Rumfar bakin layi ta tafi. Manomana da yawa sun tafi, waɗanda suka dawo sun dawo ne da suka ga ba mai ba su taki. Ɗana na fari ya yi shekara ba ya haɗa ido da ni. A wancan gefen, mutum goma sha ɗaya ba a mai da su ƙarƙashin tampol ba, goma suna raye, dattijon Doma har yau yakan aiko mini da riɗi. Wannan cinikin ban faɗi ba, kuma in aka mai da ni bakin titin nan zan sake tsoma tsinken. Inda aka faɗi shi ne Iliya, kuma ba aljihuna asarar ta taɓa ba, shi ya biya ta shi kaɗai. Labulen yana ƙasan akwatina. Ba ya cikin gado. Nura, kai za ka kai wa babbar 'yarsa, da hannunka za ka miƙa mata, kada ka ajiye a ƙasa.